Ba a fafe gora ranar tafiya: a sa shirin ko-ta-kwana cikin kowace kwangila

Duk wanda ya yi wayo a Gusau kafin shekarar 2006 yana tune da Asabar 30 ga Satumba ta wannan shekara. Ana cikin azumi, bayan ruwan sama mai yawa, madatsar ruwan garin ta ɓalle. Rahotannin lokacin sun ce gidaje kusan 500 ne suka rushe, an kuma ba da labarin rasa rayuka kimanin 40. Daga baya aka yi bayanin cewa ƙofofin da ake buɗewa don rage ruwa ne suka ƙi aiki a daidai lokacin da ake buƙatarsu. Ƙofofin nan an saye su, an kafa su, an sallami wanda ya kafa. Abin da aka rasa shi ne tabbacin za su buɗu ranar da gulbi ya kawo.

Na yi aikin gwamnati a sashen ayyuka har na yi ritaya, kuma mafi yawan shekarun nan na yi su ne a teburin da takardun kwangila ke bi. Yanzu ina zaune a Damba, ina da 'yan ɗakuna da nake ba ɗalibai haya. Don haka maganar da zan yi ta hau kaina kafin ta hau kan kowa. Ra'ayina shi ne, a jiharmu mun iya sayen kayan agaji, amma ba mu saba rubuta wanda alhakin shirya su ke wuyansa ba. Muddin shirin ko-ta-kwana bai shiga takardar yarjejeniya ba, da sunan mai alhaki da lokaci da hukunci, to za mu ci gaba da ihu bayan hari.

Bari in faɗi yadda kwangilar da muka saba take. Ana rubuta abin da za a gina ko a kawo, da farashinsa, da ranar miƙawa. Dokar bayar da kwangila ta tarayya ta 2007 ta ce duk wanda za a ba kuɗin kafin alƙalami sai ya kawo lamunin cika aiki da bai gaza kashi 10 cikin 100 na kuɗin kwangilar ba. A al'ada kuma akan riƙe wani ɗan kaso, galibi kashi 5, na wata shida ko shekara, ko da wani aibi zai bayyana. Duk waɗannan tanade-tanade masu kyau ne, sai dai dukkansu suna kallon rana ɗaya: ranar yanke ƙyalle. Da an tafa, an ɗauki hoto, an saki ragowar kuɗin, ɗan kwangila ya kama gabansa. Daga nan injin ya zama na gwamnati, kuma kowa ya san yadda ake yi wa kayan gwamnati riƙon sakainar kashi.

Na ga motar ɗaukar marasa lafiya sabuwa fil da aka miƙa wa wata cibiya da kiɗa da guɗa. Ba a daɗe ba na same ta a gindin darbejiya, batir ya mutu, ƙafa ɗaya ta sace, direban da aka ce nata ne an mai da shi wani wuri. Da na buɗe fayil ɗinta, ban ga inda wani ya karya doka ba. Mai kawowa ya kawo abin da aka ce ya kawo. Mai karɓa ya sa hannu a kan abin da ya gani. Babu layi ɗaya da ya ce wa zai zuba mai, wa zai kwana kusa da ita, wa za a kira idan ta ƙi tashi. Irin wannan saye kamar sayen guga ne ba igiya: ga ruwa a rijiya, ga guga a hannu, ga ƙishirwa.

Gyaran ba shi da wuyar fahimta. Duk kwangilar da ta shafi abin da rai zai dogara da shi, ko mota ce, ko janaretan ɗakin tiyata, ko firijin ajiye allurar rigakafi, ko ƙofar madatsar ruwa, ya kamata ta amsa tambayoyi huɗu a rubuce. Wane ne mai alhaki, da sunansa da lambar wayarsa? Cikin minti nawa ko awa nawa zai iso idan an kira shi? Sau nawa za a gwada kayan a shekara, kuma wa zai shaida gwajin? Me zai rasa idan aka kira shi bai zo ba? A raba kuɗin kwangilar gida biyu, ɗaya na kaya, ɗaya na kulawa, a riƙa sakin na biyun duk bayan wata uku idan an gwada an ga abin yana aiki. Ɗan kwangilar da ya san rabin ribarsa tana jiran gwajin watan Mayu, da ƙafarsa zai zo ya shafa wa ƙofar dam giris kafin ruwan farko.

A Ingila, ma'aunin da aka gindaya wa masu motocin asibiti tun 2017 shi ne, kiran da ya shafi ceton rai kai tsaye a isa wurin cikin minti 7 a matsakaicin lissafi. Sau da yawa ba sa cika wannan ma'auni, amma ana wallafa alƙaluman kowane wata, kowa ya ga inda aka gaza da wanda ya gaza. Ba na cewa mu ɗauki minti 7 mu ɗora wa direban da zai taso daga cikin gari ya biyo Lalan zuwa Damba da tsakar dare. Mu zauna mu auna namu, ko minti 30 ne, ko 45 ne ga ƙauyukan Tsafe da Bungudu, amma a rubuta shi. Alƙawarin da ba shi da adadi ba a iya cewa an saɓa shi.

A fannin lafiya dokokin ma suna nan. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta wa kowane asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa, ta kuma tanadi tarar Naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba. Wata doka ta 2017 kuma ta wajabta yi wa wanda aka harba magani ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba, kuma babu jihar da ta fi tamu buƙatar wannan doka. Ita dokar 2014 ɗin ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, ta ware kashi 5 cikin 100 nasa don jinyar gaggawa. To amma mai ƙaramin asibitin kuɗi a bakin hanyar Gusau zuwa Funtuwa, wanda za a kawo wa mutum biyar jina-jina da ƙarfe biyun dare, yana da tambaya ta gaskiya: jinin da zai ƙara da zaren ɗinki da man janareta, wa zai biya shi, kuma yaushe? Idan babu yarjejeniya tsakaninsa da gwamnati mai ɗauke da farashi da ranar biya, abin da zai faru sananne ne. Zai ɗaure rauni sama-sama ya ce a wuce Cibiyar Lafiya ta Tarayya ko Asibitin Yariman Bakura, majinyacin kuma ya cika a hanya. Doka ta ɗora nauyi, yarjejeniya ce za ta sa a iya ɗauka.

Haka batun kayan agaji. Kowace shekara mun san damina za ta zo da ambaliya da amai da gudawa, bazara kuma da sanƙarau da gobara. Duk da haka sai abin ya auku ake fara neman mai tabarma da mai gero da mai ruwan ƙari. Dokar 2007 ta yarda a ba da kwangila kai tsaye ba tare da gasa ba idan ana cikin halin gaggawa, kuma hakan daidai ne, domin ba a tsayar da mai yunwa a jira buɗe tanda. Amma a irin wannan lokaci farashi ke tashi, ido kuma ke raguwa a kan lissafi. Wannan ya sa rashin shiri ya zama ciniki a wurin wasu. Maganinsa shi ne hukumar agajin gaggawa ta jiha ta yi gasar tun da rani, ta ƙulla da 'yan kasuwa a kan farashi sananne, da sharaɗin kawo kaya cikin awa 48 daga ranar da aka nema, wanda ya gaza a kira na biyu a jerin, a kuma cire na farkon daga rajista. Ta haka, idan ambaliya irin wadda ta ci Gummi a 2024 ta ci wani gari wata rana, aikin jami'i zai zama buga waya kawai.

Yanzu bari in dawo gida, inda abin ya fi yi mini zafi. Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Gusau a 2013, Damba da Sabon Gida suka cika da ɗakunan haya, domin ɗakunan kwanan da ke cikin makaranta ba su isa ba. Mun amfana, ba na musu. Da asubahin Juma'a 22 ga Satumba, 2023, 'yan bindiga suka shiga gidajen hayar ɗalibai a Sabon Gida, ƙaramar hukumar Bungudu, suka tafi da ɗalibai fiye da 20, mafi yawansu mata, tare da wasu ma'aikatan gini. Wasunsu sai a watan Afrilun 2024 suka dawo, bayan kusan wata bakwai a daji. Na san mai gidan haya ba zai tari masu ɗauke da bindiga ba, kuma Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya fito fili cewa tsaro da walwalar jama'a su ne babban dalilin kafa gwamnati. Wannan nauyi ba zai sauka daga wuyan hukuma ba. Amma tsakanin tare hari da naɗe hannu akwai fili mai faɗi, kuma a cikin filin nan mu masu gidaje muke.

Ku karanta takardar hayar da dillalai ke rabawa a unguwannin nan. Duk sharuɗɗan a kan ɗalibi suke: ya biya shekara gaba ɗaya, kada ya fasa gilashi, kada ya kawo baƙo, kada ya yi amfani da rusho a cikin ɗaki. A ɓangaren mai gida kuwa, babu komai sai lambar asusun banki. Wata ɗaliba da mahaifinta ya rako ta ɗaukar ɗaki ta tambaye ni, ta ce, "Baba, idan wani abu ya faru da dare, wa za mu kira, kuma ta ina za mu fita?" Mahaifin nata ya ce, "Alhaji, ka yi haƙuri da ita, yarinta ce." Na ce masa tambayarta ta fi kuɗin hayar muhimmanci. Wannan tambaya ita ya kamata kowace takardar haya ta amsa: ƙofa ta biyu da ake iya buɗewa daga ciki, ƙarfen taga aƙalla ɗaya mai buɗuwa, tukunyar kashe gobara da kwanan watan da aka cika ta, bokitin yashi a kicin, fitilar sola a ƙofar gida, maigadi mai waya da caji, jerin sunayen mazauna gidan da lambobin iyayensu a hannun mai unguwa. Tun dokar inshora ta 2003 aka wajabta yi wa gidajen haya da ɗakunan kwanan ɗalibai inshorar gobara da rushewa da ambaliya. A tambayi masu gidaje a layinmu, a ji nawa ne suka taɓa jin labarin.

Wanda ke ganin ƙofa ta biyu ƙaramar magana ce, ya tuna da Ƙaura Namoda. A farkon Fabrairun 2025 gobara ta tashi da dare a wata makarantar allo, yara 17 suka rasu. Allah Ya ji ƙansu. Duk inda aka tara 'ya'yan mutane su kwana, tsangaya ce ko makarantar kwana ko gidan haya, amanar rai aka karɓa. Jami'a tana da ƙarfin da ɗalibi ɗaya ba shi da shi. Ta buɗe rajistar gidajen da ta amince da su, ta tura mai dubawa kafin kowane zango, ta manna jerin a allon sanarwa, ta gaya wa iyaye. Mai gidan da ya ga ɗakunansa sun kwana ba kowa saboda ba ya cikin jerin, da kansa zai nemo mai walda.

Akwai kuma yarjejeniyar da mu jama'a muke karyawa kullum ba mu ankara ba, wato tsakaninmu da 'yan sintirin unguwa. Muna so matashi ya kwana a tsaye cikin hunturu da tocila da gora, amma kuɗin wata da aka yanka wa kowane gida sai an yi ta bi ana roƙo. Idan ya ji rauni, taron jaje ne da ɗan abin da ya samu. Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar da Askarawan Zamfara a ƙarshen Janairun 2024, mutum fiye da 2,600, kuma tambayar da ta dace da su ita ce ta dace da 'yan sintirin layinmu: me aka rubuta game da ranar biyan alawus, da jinyar wanda ya ji ciwo, da haƙƙin iyalin wanda ya rasu, da kuma iyakar abin da aka yarda su yi? Sharaɗi na ƙarshen nan yana kare talaka daga zaluncin mai ɗauke da makami, sauran kuma suna kare mai gadin daga butulcinmu. A kuma tuna watan Satumban 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a faɗin jihar. Duk shirin da ya dogara da waya kaɗai ya mutu a ranar. Don haka yarjejeniyar unguwa ta faɗi hanya ta biyu: usur, ko lasifikar masallaci, da wurin taruwa da kowane yaro ya sani.

Na san abin da wasu za su ce, domin an sha faɗa mini a majalisa bayan sallar isha'i. Na farko, tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Gaskiya ne, kuma na yi imani da ƙaddara mai daɗi da marar daɗi. Amma Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi, da ya san fari na tafe, tanadin shekara bakwai ya tsara, kuma ya nemi a ɗora alhakin rumbunan ƙasa a wuyansa, mutum ɗaya sananne. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, umarni ce da rubuta bashi da kafa shaidu. Jihar da ta riga kowa ƙaddamar da shari'a a shekarar 2000 bai kamata a koya mata darajar rubuta alƙawari ba. A 2017 sanƙarau ya kashe mutum fiye da 1,000 a Najeriya, Zamfara ce kan gaba, gwamnan lokacin Abdul'aziz Yari kuma ya danganta annobar da saɓon Allah. Tuba wajibi ne a kowane lokaci. Tanadin allurar rigakafi da firijin da ke aiki kafin zafi ya shigo shi ma wajibi ne, kuma ɗaya ba ya ɗauke ɗaya.

Kakanninmu ma ba su bar tsaro ga sa'a ba. Gusau kanta Malam Sambo ɗan Ashafa ya kafa ta a farkon ƙarni na 19 a matsayin ribaɗi. A biranen ƙasar Hausa masu ganuwa, gyaran ganuwa bayan damina rabawa ake yi, kowane ɓangare da masu shi, kowace ƙofa da sarkinta mai alhakin rufe ta da dare. Idan wuri ya zube, an san gidan da za a tambaya. Abin da nake nema shi ne mu mai da wannan tsari a takarda, tunda yanzu unguwanninmu sun cika da baƙin juna.

Na biyu, za a ce kuɗin kwangila zai ƙaru, haya ma za ta tashi. Za su ƙaru, ba na ɓoyewa. Amma a kwatanta kuɗin giris da albashin mai duba ƙofar dam da kuɗin sake gina dam da gidaje 500. A kwatanta kuɗin ƙofar ƙarfe ɗaya, wadda za a raba wa ɗakuna goma cikin shekaru, da abin da iyaye ke sayarwa na gona da shanu idan aka ɗauke musu 'ya. Muna biyan kuɗin rashin shiri tun tuni, sai dai talaka ne ke biya, kuma da hawaye.

Na uku, wanda ya fi nauyi, za a ce takarda ba ta hana komai a ƙasar da shari'a ke shekara da shekaru a kotu. Shi ya sa ban gina shawarata a kan kotu ba. Na gina ta a kan riƙe kuɗi, da cire suna daga rajista, da bayyana wa jama'a. Waɗannan ukun suna hannun jami'i ɗaya mai gaskiya. Sai dai dole in faɗa wa gwamnati nata: alƙawari kaya ne, kuma kafaɗa biyu ke ɗaukarsa. Dokar 2007 ta ce biyan da ya wuce kwana 60 ya zama jinkiri da za a ƙara wa ɗan kwangila wani abu a kansa, amma na ga mutanen kirki da suka karye saboda sun gama aiki an bar su suna zarya a ofisoshi. Ba za ka ce wa mutum ya iso cikin awa biyu ba alhali kai kana riƙe da haƙƙinsa shekara biyu. Mun kuma ga illar jinkirin hukuma a Bagega: gubar dalma ta ɓulla a 2010, ta kashe yara fiye da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum, amma kuɗin share ƙasar Bagega sai a farkon 2013 aka sake su, likitoci suna zaune suna jira domin ba a fara magani kafin a kwashe gubar.

Saboda haka ina kira ga Majalisar Dokokin Jihar Zamfara ta sa sharaɗin shirin ko-ta-kwana ya zama tilas a duk kwangilar ruwa da lafiya da makarantu da kashe gobara, tare da ware kuɗin kulawa a cikin kasafin aikin tun farko. Mai girma Gwamna ya ba da umarni a manna a ƙofar kowane asibiti da kowace tashar 'yan kwana-kwana sunan mai kula da kayan gaggawa da ranar gwajin ƙarshe. Hukumar jami'a ta fara rajistar gidajen haya kafin ɗaukar sababbin ɗalibai. Iyayenmu hakimai da dagatai da masu unguwanni, Allah Ya ja zamaninku, ku tara mu masu gidaje da 'yan sintiri a rubuta abin da ke kan kowa a gaban liman. 'Yan'uwana masu gidajen haya a Damba da Sabon Gida kuwa ba mu da wanda za mu jira: kafin mu karɓi kuɗin shekara mai zuwa, kowa ya ƙara shafi ɗaya a takardar hayarsa mai ɗauke da abin da ya ɗaukar wa ɗalibi, ya sa hannu, ya ba uban yaron kwafi.